Tukunyar Dalma a Kan Rumfar Jirgi

Tattali abu ne mai kyau, babu mai musu. Amma akwai tattalin da yake zarcewa ya zama ciwo, inda mutum zai ƙaunaci kaya har ya hana shi aikin da aka ƙera shi dominsa. Mai wannan hali ba ya ganin laifin kansa, a wurinsa sauran jama'a ne maɓarnata. Irin wannan ciwo ne ya kama Moro, kuma a gaban mutane ya biya.

Moro mutumin zangon Kumasi ne. Ya daɗe a Doha yana aiki a wani jirgin katako irin na Larabawa, mai ɗaukar masu yawon shan iska daga bakin ruwan Kwanish zuwa tsibirin Safliya. Ba ya ha'inci, ba ya wasa da salla. Sai dai wayarsa tana cikin leda, ledar kuma tana cikin safa. Takalmin da ya saya don Idi ya tsufa a kwali bai taɓa taka ƙasa ba. A ɗakinsa na unguwar Muntaza ya sayi fanka, ya ɗinka mata riga saboda ƙura, shi kuwa yana kwana cikin gumi.

Da korona ta shigo, jirage suka tsaya cak a bakin ruwa. Tsohon nahoda, wato matuƙin jirgin, wani dattijon Ba'indiye, ya ce ya gaji, zai koma gida ya mutu a gaban jikokinsa. Ma'aikata biyu suka rage masu takardar tuƙi: Moro, da wani Abdul-Ganiyu, ɗan unguwar Nima a Gana, mutum mai dariya da ƙarfi, wanda idan ya sayi sabuwar riga a cikin shagon yake sa ta.

Kafil, Balaraben da ke da jirgin, ya karɓi farar hular tuƙi daga hannun tsohon ya miƙa wa Moro.

"Kai ne babba," ya ce. "Riƙe ta. Ranar da ka kai baƙi Safliya ka dawo da su lafiya, ta zama taka, sitiyari ma ya zama naka. In ka kasa, ga Abdul-Ganiyu nan. Halas, magana ta ƙare."

Moro ya karɓi hular da hannu biyu. Kafin kafil ya isa motarsa, ta shiga leda.

To, hanyar Safliya ba ta miƙe ba. Akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, idan teku ta cika ba a ganinsu, idan ta janye sai jirgi ya zauna a kai. Tsohon nahoda a kansa yake riƙe da hanyar, kan kuma zai tafi Indiya. Don haka kafil ya sayo na'urar nuna hanya, wadda suke kira jifiyes, ya kira mai haɗa ta.

Wanda ya zo Reuben ne, ɗan Kagoro daga Nijeriya, mai gyaran wutar jirage. Ya hau da akwatin kayan aikinsa da takunkumi a fuska. Bai gama yanka kwalin ba Moro ya kama hannunsa.

"Injiniya, a hankali! Kwalin ma kaya ne."

"Malam Moro, kwalin zan haɗa maka ko na'urar?"

Reuben ya fito da gilashin na'urar, ya kafa shi kusa da sitiyari da kusoshi. Ya ja jar waya ya bi da ita ta fiyus zuwa kan batir, baƙar kuma ya ɗaura ta a ɗaya kan. Duk guntun wayar da ya faɗi, Moro yana bayansa yana tsincewa yana zubawa a aljihu. Sannan Reuben ya ɗauko wani farin abu kamar curin fura, ya sa tsani ya nufi saman rumfar jirgin.

"Ina za ka da shi?"

"Sama. Wannan ita ce eriya, kunnen na'urar ke nan. Taurarin ɗan'adam suna can suna magana, ita tana saurare, sai ta gaya wa gilashin inda kake."

"A cikin ranar nan? Ranar Doha?"

"Don rana aka yi ta."

"Ni ma don rana aka yi ni, amma ina neman inuwa. Sa ta a ƙarƙashin rumfa."

"Malam Moro, kada komai ya shiga tsakaninta da sama. Ka ji ni? Komai."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Ina ganin idonka."

Reuben ya huda rufin, ya kafa eriyar nesa da ta rediyo, ya zura wayarta ta jikin ginshiƙi yana kama ta da maƙalai, bai yarda ta lanƙwashe ko'ina ba. Ya toshe hudar da danƙo saboda ruwan gishiri. Da ya kunna, na'urar ta yi ɗan kuka, wani ƙaramin hoton jirgi ya fito a gilashin, daidai inda suke. Ya kai farce zai ɓare siririyar ledar da ke manne a fuskar gilashin, sai Moro ya yi tsalle.

"Wanda ya ɓare ledar nan, ni da shi har gaban Allah!"

Reuben ya janye hannu. "To, ka bar ta. Ita ba ta hana komai."

Kafin tsohon nahoda ya tafi, suka fita da shi sau ɗaya. Ya bi hanyarsa ta tsakanin tudun yashin, na'urar tana zana jan layi a bayansu har Safliya. Reuben ya adana layin ya ce, "Shi ke nan. Ka ɗora hoton jirgin a kan layin nan, kada ka sauka." Suna dawowa Moro ya kashe ta don kada ta gaji, ya lulluɓe ta da farin leshi irin na kan talabijin.

Bayan haka aka ja jirgin zuwa Wakra don gyaran katako da fenti, saboda gasar cin kofin duniya da ke tafe. Ya daɗe a can a kan tudu. Wata rana Moro ya hau rumfa, ya tarar tsuntsayen teku sun mayar da eriyar masai. Ya tsaya yana kallonta kamar an zagi mahaifiyarsa. Ya wanke ta da sabulu, ya ɗaura mata tsumma. Iska ta tafi da tsumman. Ya kifa mata kwali, raɓa ta jiƙa shi ya ruɓe.

Yana da yaya mace a Doha, Fausatu, mai dafa abinci a wani gida a unguwar Garrafa. Ran Juma'a takan dafa shinkafa da wake a ɗakin da suke haya da wata Wasilatu, mutanen zango su taru su ci. Tana da tukunyar dalma da ta taho da ita daga Kumasi, ta mahaifiyarsu ce, kunnenta ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Moro yana cin abinci, idonsa yana auna bakin tukunyar. Da aka wanke ta aka kife a baranda, ta bi shi a cikin buhu.

Ya kife ta a kan eriyar, ta zauna daram. Ya kafe ta da kusoshi ta kunnuwan, ya shafe ta da farin fentin jirgi. Daga ƙasa sai ka rantse daga kamfani ta zo haka. Kafil ma da ya gani ya ce, "Masha Allah, tamu ta fi ta kowa girma."

Maganar Reuben ta faɗo wa Moro a rai, amma ya kore ta. Taurarin da muryarsu ke ratso duk nisan sama, tukunya ce za ta tare su? Bai kunna ya gwada ba, don kunnawa na cin batir.

Fausatu kuwa ta birkice ɗaki tana nema. Ƙarshe ta ɗora laifin a kan Wasilatu, suka daina gaisawa, suka raba ɗakin da labule. Juma'ar da ta biyo, Moro yana zaune da faranti a cinya, Fausatu tana ba shi labari.

"Tukunyar Mma, Moro! A ɗaki ɗaya muke kwana da ɓarauniya!"

Ya ƙara yaji, ya girgiza kai ya ce, "Yaya, mutanen yanzu babu amana."

Wannan kalma ita ce ta fi tukunyar nauyi, kuma ba a manta masa da ita ba.

Gasa ta zo, Doha ta cika har ta tumbatsa. Ƙungiyar 'yan zango ta ɗauki hayar jirgin a ranar da Gana za ta kara da Koriya ta Kudu. Shirin shi ne a fita da safe, a ci abinci a Safliya, a dawo da wuri a kama jirgin ƙasa zuwa filin wasa, don kowa da tikitinsa a waya. Ita ce fitar Moro ta farko a kan sitiyari. Kafil da kansa ya zo ya zauna a kan darduma a baya. Fausatu ce mai abinci, Wasilatu ma ta zo, ta zauna can ɗaya gefen tana kallon ruwa. An gayyato Reuben, ba don ƙauna ba, sai don Gana ce ta hana Nijeriya zuwa gasar.

"Injiniya, yaushe ne wasanku?" in ji wani mai ganga a cikinsu.

"Ku bar shi, su a talabijin suke bugawa!" in ji wani.

"Ku ci gaba," in ji Reuben. "Mu da muka zauna a gida ba za a kore mu ba."

Moro ya sa farar riga. Hular tana cikin ledarta a kan shiryayye, sai an dawo zai sa. Ya ɗaga leshi, ya yi bisimilla, ya kunna na'urar. Jan layin ya fito. Hoton jirgin ma ya fito, amma yana ƙiftawa, da alamar tambaya a kansa. Suka bar bakin ruwa, dogayen benaye suka fara ja da baya, hoton yana nan a Kwanish bai motsa ba.

Gumi ya keto masa. A nan ya gane Reuben ya yi gaskiya. Maganin kuma bai da wuya: a hau, a kwance kusoshi, a ɗage tukunya. Ya waiga wajen tsanin. A gindinsa Fausatu ta baje kulolinta, tana zaune da ludayi a hannu kamar mai gadi.

Ya mayar da leshin ya rufe gilashin.

Abdul-Ganiyu ya leƙo. "Maigida, ba ka duba layi?"

"Na haddace shi. Je ka kula da igiya."

Reuben ma ya zo da farantinsa. "Malam Moro, yaya 'yata? Tana aiki?"

"Lafiyarta ƙalau. Tana hutawa."

"Hutawa? A tsakiyar teku?"

"Injiniya, ka zo cin shinkafa ne ko bincike?"

Da safen nan teku a cike take, jirgin ya wuce ta kan tudun yashin bai taɓa ko ɗaya ba. Sa'a ce kawai, amma Moro ya ɗauke ta gwaninta. Suna isa Safliya ya sauko yana taku ɗai-ɗai, ya ce wa Abdul-Ganiyu, "Ka gani? Ko wahalar da ita ban yi ba." Kafil ya ɗaga masa babban yatsa.

Aka ci, aka sha, aka yi rawa. Samari suka shafa fenti ja da rawaya da kore a fuska da ƙirji. Moro ya yi ta zagaye tsanin ko zai sami sarari, amma Fausatu ba ta sauka tsibirin ba, ta ce ba za ta bar kayanta a jirgi ɗaya da wasu mutane ba. Ta faɗa da ƙarfi yadda Wasilatu za ta ji.

Da rana ta take, kafil ya tafa hannu. "Yalla, yalla! Wasa!"

Suka juyo. Teku ta fara janyewa, launin ruwan ya sauya, wani wuri shuɗi, wani wuri fari-fari. Abdul-Ganiyu ya ce a hankali, "Maigida, tsoho ta hagu yake bi a nan." Da Moro shi kaɗai ne, da ya bi hagu. Amma kafil yana kallo, sai ya murɗa dama.

Ba a yi wata ƙara mai yawa ba. Jirgin ya yi gurnani daga ƙasa, ya ɗan ɗaga hanci, ya tsaya. Mai ganga ya faɗa kan gangarsa. Kular miya ta bi gangare ta tsaya a ƙafar kafil. Moro ya ba injin wuta baya, farfela ta tayar da yashi, jirgin ya ƙara gyara zama.

"Kowa ya sauka a tura!"

Maza suka diro cikin ruwa iya cinya, suka tura har fentin fuskarsu ya narke ya gangaro wuya. Ruwan yana ta raguwa. Can sai ga shi iya gwiwa. Ga benayen Doha a gabansu ƙuru-ƙuru, amma babu hanyar zuwa. Kafil ya buga waya, aka ce masa duk ƙananan jiragen suna da baƙi, kuma ko an zo ba mai iya jan wannan katako sai ruwa ya dawo.

Ya taso ya fizge leshin. Hoton jirgi yana ƙiftawa a Kwanish. Ya juya kan Reuben da Larabci da Turanci a haɗe, yana cewa aikin banza ya yi masa, zai sa kowa a bakin ruwa ya san shi.

Reuben ya ajiye faranti. Ya duba fiyus, lafiya. Ya taɓa jar waya da baƙa a kan batir, suna nan daram. Ya bi wayar eriya da yatsa ta jikin ginshiƙi har inda ta shige rufi.

"Hajiya, ɗan matsa mini in hau."

"Injiniya," in ji Moro, muryarsa ta siranta, "saman nan da santsi."

Reuben ya hau. Sai aka ji ya ƙwanƙwasa wani abu, ƙwam, ƙwam.

Fausatu ta ɗaga kai. Ta san wannan murya tun tana yarinya.

"Malam Moro," in ji Reuben daga sama, "eriyar da na kafa ba ta kai kofin shayi biyu ba. Me ka ba ta ta ci?"

Ya kwance kusoshin ya ɗaga. Nan take na'urar ta yi kuka a ƙasa. Ba a jima ba hoton jirgin ya bar Kwanish, ya dira nesa da jan layin, a tsakiyar wurin da aka zana alamar tudu. Kowa ya matso ya gani. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, a nan ɗin suke.

Reuben ya sauko da abin a hannu. Waje fari fat, ciki kuwa duk sawun ludayi. Fausatu ta karɓa, ta juya shi, ta kankare fentin kunne ɗaya da farce. Ga wayar nan.

"Moro."

"Yaya, bari in yi miki bayani. Tsuntsaye ne..."

"Mutanen yanzu babu amana, ko?"

"Aro na yi."

"Aro! Ka ci shinkafata, ka ƙara yaji, ka bar ni ina zagin baiwar Allah!"

Wasilatu ta taso daga inda take, ta gyara ɗaurin zane. "Fausatu, ba ni ludayin nan. Hannunki ya gaji."

Moro ya zagaye sitiyari, suka zagaye. Ya nufi gaba, suka bi shi. Jirgi ba shi da faɗi, ƙarshe sai ya dira cikin ruwa da farar rigarsa, ya tsaya a kan tudun da ya kawo su, ruwa iya ƙauri. Kafil ya nemi a fassara masa abin da ke faruwa. Abdul-Ganiyu ya fassara, yana yi yana share hawayen dariya. Kafil ya dubi tukunyar, ya tuna shi ne ya yabe ta, sai ya je ya kama hannun Reuben ya ba shi haƙuri.

Lokacin wasa ya yi suna nan. Mutanen da suka tara kuɗin tikiti tun bara suka dunƙule a kan wayar mai ganga. Gana ta ci, suka yi ihu, suka rungumi juna, sannan suka tuna inda ya kamata su kasance, suka juya gaba ɗaya suka kalli Moro. Ta ƙara ci, suka sake yin haka. Da Koriya ta rama duka biyun, wani ya ce Moro ne ya jawo, aka jefe shi da ɓawon lemo. Da Gana ta ci na uku, wani dattijo ya fashe da kuka, ya ce daga Tamale ya zo don wannan rana, ga shi ya gan ta a gilashin da bai kai tafin hannu ba.

"Ku yi haƙuri," in ji Reuben yana suɗe cokali. "Mu ma a waya muke kallo. Ana sabawa."

Wajen faɗuwar rana ruwa ya dawo, jirgin ya motsa. Aka jawo Moro ciki yana ɗiga. Ya nufi sitiyari, kafil ya ɗaga masa hannu. Ya ɗauko hular daga shiryayye ya miƙa wa Abdul-Ganiyu. Shi kuwa ya yage ledar da haƙori, ya kifa hular a kansa mai gumi. Ya sunkuya ya duba na'urar, ya ce gilashin ya yi dishi-dishi. Ya sa farce a kusurwa, ya ɓare ledar fuskar tun daga sama har ƙasa, a hankali, tana ƙara. Moro ya rufe ido. Abdul-Ganiyu ya ɗora hoton jirgi a kan jan layi, bai sauka ba har Kwanish.

Wannan shi ne wasa ɗaya tak da Gana ta ci a gasar, don haka babu wanda ya huce.

Ga abin da Moro ya rasa. Ya rasa sitiyari, ya koma jan igiya a ƙarƙashin wanda bai kai shi shekaru ba. Ya rasa hular da bai taɓa ɗorawa a kansa ba. Ya rasa shinkafa da waken Juma'a, don Fausatu da Wasilatu sun cire labule sun haɗa kai, ƙofarsu ba ta buɗuwa idan shi ne. Ya rasa hutunsa yana kankare fenti daga jikin tukunya da yashi, aka karɓa ba a ce masa sannu ba. Ya rasa sunansa, domin daga Muntaza har zangon Kumasi yanzu Nahodan Tukunya ake ce masa. Abin da ya rage a hannunsa kwalin na'urar ne, da guntayen waya, da ledar gilashin da ya tsince daga ƙasa ya ninke ya sa a aljihu.